Kajin da Suka Ɓata Daga Rami

Na tsallake sanƙarau, na tsallake kwalara. Ban taɓa zama a aji ba, amma babu abin da idona bai gani ba a unguwarmu ta Sheshe. To ranar da kajin Hajiya Mero suka ɓata, har ni sai da na razana.

Murar tsuntsaye ce ta shiga akurkinta, irin mai kama mutum. Likitan dabbobi ya sa aka binne mushen a kangon bayan gida, aka zuba farar ƙasa a kai. Gari na wayewa, rami a tone, ba kaza ko ɗaya.

Sufeto Mikail ya iso da ƙyalle a hanci.

"Hajiya, wa ya san an binne su?"

"Duk layin nan, Yallaɓai." Ta nuna ramin. "Likita ya ce duk wanda ya fige su da hannu..."

Sufeto ya duƙa. Sawun takalmi ne fari fat, ya bi lungu har teburin Mailafiya mai gasa kaji.

"Wa ya zo maka da safe?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To sawun aljani ne wannan? Mu je ofis ka tuna."

Mailafiya ya rage murya. "Ilu ne, dillalin kaji. Ya kawo su a buhu, wai yankakku. Na duba wuyansu, gashin tas, ba ɗigon jini. Na ce ba na so."

"Ina ya kai su?"

"Gidan Malam Abdulbaƙi. Gobe suna."

Ban taɓa ganin ɗan sanda mai tumbi ya yi gudu irin wannan ba. Na bi shi, kuma ban tsaya haki ba.

A tsakar gida ruwa na tafasa, mata sun kewaye buhu. Sa'ida mai jego tana gefe da jaririnta a cinya.

"Kada wadda ta taɓa!" Sufeto ya daka tsawa. "Ku ɗauke yaron nan!"

Ilu na zaure yana jiran sallama.

"Ni na yanka su da kaina, Yallaɓai, da bisimilla."

"A ina jinin ya zuba? Kai ni in gani."

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Ɗan kiyashi ma ya san kaza mai rai tana fesa jini. Miƙo hannunka."

Yatsun duk sun tsage, farar ƙasa ta ci su. Ilu ya zube a ƙasa.

"Jiya-jiya suka mutu. Na ga asara ce a bar wa ƙasa. Na ce in na sa wuƙa a wuya, wa zai gane mushe ne?"

Malam Abdulbaƙi ya dafe bango. "Mushe, Ilu? A sunan jikana?"

Sufeto ya kira likita a waya, a zo a kwashe buhun, a yi feshi. Ya zaro ankwa ke nan sai Ilu ya yi tari. Ya sake yi, mai zurfi, daga ƙirji.

Zauren ya watse. Sufeto ya ja da baya, ya mai da ankwar aljihu.

"Tashi da kanka," ya ce. "Asibiti tukuna. Ka yi gaba, kada ka waiwayo."

Haka suka bi lungu, Ilu a gaba yana tari, ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Na riga su isa gida. Ƙofata ce ta ƙarshe, amma ita ma na rufe.