Jar Fitilar da Ke Ƙiftawa Sau Uku

Da hantsin ranar Lahadi aka shigo da gawar Haji Ahamuk garin Tamanrasset, a bayan motarsa. Shekara arba'in yana kai baƙi cikin sahara, bai taɓa ɓata ba. Ciwon suga ne ya kayar da shi, kwana huɗu da barin gari, alluransa na cikin firjin motar duk sun lalace da zafi.

Kafin Sufeto Lahdar Meziyan ya iso, kurata sun riga sun kama Gali, direban marigayin. A garin nan in babba ya mutu, wanda ya fi kusa da shi ake fara damƙewa, tunani sai daga baya.

Takna, 'yar marigayin, tana tsaye jikin motar. Ba ta kuka.

"Yallaɓai, ubana ba ya wasa da firjin nan," in ji ta. "Wanda ya kashe shi, ina so in ga fuskarsa, in kuma gan shi cikin ankwa."

Sufeto ya ɗaga kujerar baya, inda batirin firjin yake. Motocin sahara batir biyu gare su, na gaba yana tada inji, na baya yana riƙe firji, caja a tsakani tana ɗura wa na bayan wuta muddin inji na aiki. Ya sa aka tada motar. Jar fitila a jikin cajar ta ƙifta sau uku, ta tsaya, ta sake uku. A gefenta akwai shacin gam, inda aka ɓare takardar da ke bayyana ma'anar ƙiftawar.

Ya sa aka fito da Gali.

"Ka ga fitilar nan?"

"Tun ranar da muka tashi, Yallaɓai. Na yi wa Haji magana, ya ce mai gyara ya gaya masa alamar batir ya cika ce."

"Wane mai gyara?"

"Si Mabruk. Ranar Talata muka kai masa. Haji ya dafa shayi a ƙofar garejin, ya miƙa masa kofi, shi kuwa ya ce cikinsa na ciwo."

Sufeto ya dube shi. A nan mutum yakan sha shayin maƙiyinsa ma, ko don kunya.

Mabruk Dahu tsoho ne siriri, mai gyaran wutar mota, wanda rabin motocin garin sun bi ta hannunsa. Sufeto ya sa aka jawo motar har ƙofar garejinsa, Gali da Takna na ciki.

"Rabona da motar nan tun kafin azumi," in ji Mabruk.

"To duba mana ita yanzu. Ƙiftawa uku, me take nufi?"

"Ai kowace caja da nata yaren."

"Wannan kai ka ɗaura ta, Baba. Ko in kira yaron shagon da ke gaba ya koya maka aikinka?"

Mabruk ya haɗe rai. "Wuta ba ta zuwa daga batirin gaba. Ƙila fis ne ya ƙone, zafi kan yi haka."

Sufeto ya buɗe gaban motar, ya bi jar wayar da yatsa har gidan fis, ya zaro shi, ya ɗaga a rana. Ba baƙi, ba alamar ƙuna. An datse zaren ƙarfen da almakashi, tsaf, aka mayar da shi mazauninsa.

"Zafi ya iya riƙe almakashi ke nan," in ji shi.

"Kowa na iya yin wannan. Tambayi direbansa."

Sufeto ya shiga garejin. Ya taka zuwa teburin aiki, inda Mabruk ya saba manna duk takardar da ya ɓare daga kayan gyara, kamar yadda masu wannan sana'a ke yi don kada su manta lambobi. Ta ƙarshe sabuwa ce, gam ɗinta bai ko kama ƙura ba. Ya ɓaro ta, ya ɗora a shacin da ke jikin cajar. Ta zauna daram.

Mabruk ya ajiye sukudireban da ke hannunsa a hankali.

"Shekara tara ke nan," in ji shi. "Motar ɗana Sliman ta mutu a hanyar Tin Tarabin. Ka san dokar sahara, Sufeto, ba a wuce motar da ke tsaye. Farar motar Haji ta wuce shi. Ya rubuta lambarta a bayan kwalin shayi kafin ƙishirwa ta gama da shi. Kwana uku yana ɗaga rawani, yana neman agaji."

"Don haka ka kashe mutum."

"Na bar masa fitila tana ɗaga masa hannu kwana huɗu. Ya wuce ta, kamar yadda ya saba. Ban yi nadama ba, ka rubuta haka."

Takna ta sauko daga motar, ta matso har tana jin numfashinsa.

"Na gan ka," ta ce. "Allah ya ba ka tsawon rai a inda za ka."

Kurtu ya ɗaura masa ankwa, ya kwance ta Gali. Amma Gali bai motsa ba.

"Si Mabruk," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "A waccan shekarar Haji yana Makka. Ni na ɗauki motar ba da saninsa ba. Na ga rawanin, na ji tsoron a san na fita da ita, na taka mai."

Mabruk ya yunƙura zai shaƙe shi, ankwar ta riƙe hannayensa. Kurata biyu suka ja shi zuwa mota yana waiwaye, idonsa a kan Gali, har aka rufe ƙofa.