Ranar da Kifi Ya Riga Ni Hawa Bishiya

Ina sallame sallar asuba na saɓa bindigata 'yar toka, na yi wa karyata Tsinke fito. Shekara ashirin na yi ina farauta a dajin Zamfara, kwanana uku kacal a bakin teku, can bayan Kalaba. Etim, masuncin da ya sauke ni, ya leƙo yana hamma.

"Aboki, bari in kai ka da kwalekwale. Tekun nan yana hawa, yana sauka."

Na ce ya koma barcinsa. Ni za a nuna wa daji?

Da hantsi na harbi mazo a kafaɗa. Ya zura cikin wasu bishiyoyi masu saiwa a tsaye, muka bi jini har taɓo. Nan na ga abin da ya tsayar da ni: kifaye tsawon yatsa, idanu a saman kai kamar na kwaɗo, suna jan ciki a tudu, suna tsalle. A wajenmu, in ka ga kifi a taɓo, kogi ya tafi ke nan sai baɗi. Sai na kutsa kai har gwiwa.

Na iske mazon ya cika. Ina ɗaure ƙafafunsa na lura kifayen sun bar ƙasa, sai hawa saiwa suke yi. Hankalina ya ƙi kwanciya. Sama tas, babu hadari, amma ga ruwa yana malalowa ta bayana shiru. Na ɗanɗana, gishiri. Kafin in zare ƙafa ɗaya ya kai mini cinya.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na saki mazon. Tsinke ta kafe a taɓo har ƙirji, tana kuka tana kallona. Hannu ɗaya na riƙe da saiwa, ɗayan ba zai ɗauki bindiga da kare ba. Karyar nan ta taɓa shiga tsakanina da kura. Na saki bindigar, na damƙo ƙeyarta, na hau.

Muka zauna a reshe muna rawar sanyi, kifaye na zare mana ido, har la'asar, sannan na ji motsin kwalekwale.

Etim ya ce, "Ina bindiga?"

Na nuna masa ruwa.

Ya daɗe yana duban Tsinke. Sai ya janye kwandon kifinsa, ya yi mata wuri.