Wayar Baba Ta Ƙi Yarda

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Daga ɗakin gwajin jini na asibitin ta fito, ƙafafunta sun kumbura don tsayuwa, farar rigar aiki a kafaɗa, tsohuwar wayar mahaifinta a hannu. Ta hau bene zuwa ɗan ofishin da ke ƙarshen baranda, inda masu kula da manhajar asibitin suke zama.

Mutum ɗaya ta tarar, siriri, ya dunƙule a kujerar da ta yi masa kaɗan, ga kofin shayi ya huce a gefen kwamfuta. Dogo kowa yake ce masa.

Ta dangwarar da wayar a gabansa. Ta ce mahaifinta mai ciwon ƙoda ne, ta manhajar nan yake ganin sakamakon gwajinsa da ranar ganin likita, amma tun safe ta ƙi buɗewa, sai wani jan rubutu take nunawa wai haɗin ba amintacce ba ne.

Ya ɗago jajayen idanu ya dube ta. "Zauna mana, Malama. Ai kin fi wayar nan jin jiki."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta kufce mata.

A hankali ya yi mata bayani. Kowace waya, in ji shi, tun daga masana'anta take fitowa da sunayen wasu 'yan hukumomi da ta yarda da sa hannunsu. Idan za ta yi magana da kwamfutar asibiti, sai ta ce a nuna mata satifiket. Ta duba wa ya sa masa hannu, shi ma wa ya tsaya masa, tana bi har ta kai ga sunan da ta sani. In ta kai, ta buɗe. In ba ta kai ba, ta ƙi. Hukumar da wayar Baba ta sani wa'adinta ya ƙare, sabuwar kuwa tsoffin wayoyi ba su taɓa jin sunanta ba, don an daina aiko musu da sabuntawa.

"To lalacewa ta yi ke nan?"

"A'a, aikinta take yi. Ba ta gane mu ba ne, shi ya sa ta hana mu sirrin Baba."

Ya ce gyaran shi ne a cusa sabon satifiket a cikin manhajar kanta, a gwada ta a kan tsoffin wayoyi iri-iri, kuma zai ɗauki makonni. Ya buga mata sakamakon a takarda, ya karɓi lambarta, wai don ya sanar da ita in an gama.

Washegari saƙo ya shigo: "Farar Riga, ban gama gyaran ba. Na dai ce in ji ko kumburin ƙafar ya sauka."

Ta amsa: "Bai sauka ba. Kai kuma ka riƙa shan shayinka tun da zafi."

Daga nan abin ya soma. Lokacin hutun rana sukan haɗu a matakalar bayan asibiti, kowa ya jingina da bango, wani lokaci ba mai ƙarfin hira ma, sai su raba burodi su yi shiru. Auta ta lura shirun da take yi kusa da shi ya fi mata barci hutu. Ba ta san ranar da Dogo ya koma Dogona a bakinta ba.

Sai dai akwai Manaja, shugaban sashen su Dogo, ɗan aminin Baba. Ya daɗe yana zuwa gidan su Auta neman aurenta da mota da ƙamshin turare, Baba kuwa ya riga ya saki jiki da shi. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ba ya son hayaniya a ƙofar ofishinsa, ga shi tsofaffi sun cika baranda kullum da wayoyinsu a hannu.

Manaja ya ce da Dogo ya cire binciken satifiket ɗin gaba ɗaya, manhaja ta buɗe wa kowa, a huta. Dogo ya ƙi. Ya ce in aka cire, duk wanda ya zauna da kwamfuta a kan intanet ɗaya da mara lafiya zai iya shiga tsakani ya ce shi ne asibiti, wayar ta miƙa masa komai ba tambaya.

Ana cikin wannan ja-in-ja aka matso da ranar ganin likitan Baba. Sanarwar ta tafi manhajar da ba ta buɗewa. Baba bai gani ba, Auta ma aiki ya sha mata kai ba ta bincika ba. Kafin a farga jikinsa ya kumbura, numfashi ya soma yi masa wuya, aka ba shi gado.

Daga gefen gadon ta wuce ofishin Dogo, ko fuska ba ta wanke ba.

"Ka cire binciken nan, Dogona. Don Allah. Na mako biyu kawai."

Ya girgiza kai. "Ki roƙe ni komai ban da wannan."

"Mahaifina na kwance, kai kana nan kana gadin wani satifiket."

"Ba satifiket nake gadi ba, Farar Riga."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta san rabin fushin da kanta take yi, amma gajiya ba ta bar mata wurin yin adalci ba.

Da yamma ya turo: "Na san kina jin haushina, kuma kina da gaskiyarki. Da na kira tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya tun farko, da Baba bai kwanta ba. Wannan laifina ne. Amma ɗayan ba zan iya ba. Ki ci abinci."

Ta karanta, ta kife wayar.

Manaja ya sa wani ya cire binciken, manhaja ta buɗe, baranda ta yi tsit. Dogo kuwa aka ce ya tattara kayansa. A gaban gadon Baba, Manaja ya ba da labarin yadda ya so, Baba ya ce muddin yana raye wancan mai taurin kan ba zai taka masa ƙofar gida ba.

Haka Auta ta ci gaba da aiki kamar inji, daga ɗakin gwaji zuwa gadon Baba, daga gadon Baba zuwa gida. Matakalar baya ta daina bi ta nan.

Wata rana wata mata ta zo a ɗebi jininta. Ta sa tabarau, ta ja mayafi har goshi. Da Auta ta zare allurar, matar ta riƙe mata hannu, ta yi ƙasa da murya.

"'Yata, in sakamakon ya shigo wayata, ba mai gani sai ni, ko?"

Auta ta san gwajin da aka rubuta mata. Irin wanda in ya fita yake raba aure, ya hana mutum shiga dangi. Ta san tunda an cire binciken, in ta ce e ƙarya ta yi. Sai ta ce mata ta dawo da ƙafarta ta karɓa a takarda.

Tana fita, Auta ta cire safar hannu ta nufi ofishin babbar likita. Ta faɗa mata duk abin da ta sani. A ranar aka rufe manhajar, aka koma kiran marasa lafiya a waya, aka kuma nemi Dogo ya zo ya ƙarasa gyaransa. Ya zo ya ƙarasa, tsoffin wayoyi suka gane asibitinsu, amma kujerarsa ba a mayar masa ba. Wata makaranta ya samu yana kula da kwamfutocinta.

Ita ta fara turawa: "Dogona, na yi maka rashin adalci. Na gaji da fushi, ya fi aikin dare wahala."

Amsa ta zo nan take: "Ni ban taɓa iya fara nawa ba ma. Ina ƙasan benenku da burodi."

Manaja ya ɗauke ƙafa daga gidansu, aminin Baba ma ya ja baya. Baba ya warware ya koma gida, amma ko Auta ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon bango. Umma ta yi ta lallashi har ta gaji. Sai da Gwaggo, yayar Baba, ta zo ta zauna masa, ta ce yarinyar nan ita ke ɗauke da shi tun da ciwo ya kama shi, ya dubi yadda ta rame, in ba zai so yaron ba ai ya gan shi tukuna.

Dogo ya zo, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a ƙasa, kansa a sunkuye. Auta na bayan labule tare da Umma. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"An ce kai ba ka jin magana."

"Ina ji, Baba. Akwai dai wadda ba na iya bi."

"To in 'yata ta roƙe ka abin da ba daidai ba, tana kuka?"

Dogo ya ƙara sunkuyar da kai. "Ai ta riga ta roƙa, Baba."

Can sai Auta ta ji abin da ta manta rabonta da ji, dariyar mahaifinta, har da tari. Ya ce uwarta ma shekara da shekaru bai taɓa iya ce mata a'a ba, gara a samu mai iyawa a dangi. Umma ta ja tsaki a bayan labule tana share hawaye.

Ba a yi wani gagarumin taro ba. Dangi ne da abokan aiki, sai babbar likita da ta leƙo tsakanin aiki da aiki. Da aka gama ɗaurin aure, Baba ya kira su gabansa. Ya ɗora hannu a kan Auta, ya ce ta yi masa jinya fiye da yadda ya cancanta, ya yafe mata, ita ma ta yafe masa.

Sannan ya juya ga Dogo. "Ga ta nan. Ba na roƙonka komai sai abu ɗaya. Ka bar ta ta huta."

"Wannan kam zan bi, Baba."

Baba ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su ga tsufan juna. Gwaggo da Umma suka amsa da amin, ɗakin duka ya ɗauka. Auta ta so ta amsa ita ma, kuka ya riga ta, sai mijinta ya amsa musu su biyu.