Zanin da Aka Yanke

Neman gindin zama da kayan wani, shi ne laifin da zan ba ku labari. 'Yan mata, ku buɗe kunne.

Ana gab da buɗe baje kolin zane na jami'a Auta ta shigo zauren. Ta nufi babban bangon da aka yi mata alkawari, sai ta tarar da zanen 'yar Farfesa shugaban sashe a kai. Nata aikin yana can lungun bakin ƙofa.

Aikin nan ba fenti ba ne. Zannuwan marigayiya mahaifiyarta ne ta harhaɗa da allura, tun daga na aure har na jinya.

Ta duba ƙasansa. An datse.

Dogo, wanda ke rataye ayyuka a zauren, kuma wanda zai aure ta, ya taho da guduma a hannu yana murmushi.

"Hasken idona, kin iso?"

"Ina sauran?"

"Bangon nan gajere ne, aikin yana jan ƙasa. Ɗan kaɗan na rage..."

"Ka rage? Da almakashi?"

"Haba zuciyata, tsumma ne fa. Wa zai lura?"

Tsumma!

Ta bi hannunsa da kallo. Ga ƙyallen a aljihunsa, ya yi baƙi da ƙura. Da shi ya goge gilashin zanen 'yar Farfesa.

"Zanin da aka goya ni da shi ke nan," in ji ta.

"Ki fahimce ni. In na faranta wa yarinyar nan, ubanta zai tabbatar mini da aikina na zauren nan. Don mu na yi!"

"Don mu? Ka yanka uwata don mu?"

Yayanta, wanda ya rako ta, ya matso.

"Auta, ban faɗa miki ba? Mutumin da ke gaida takalmi kafin ya gaida fuska, ba miji ba ne."

"Yaya, ka yi haƙuri..." in ji Dogo.

"Ban haɗa uwa da kai ba. Rufe mini baki!"

'Yar Farfesa ta ƙaraso tana taunar cingam.

"Wai duk a kan wannan labulen ake hayaniya?"

Yaya ya zabura, Auta ta riƙe shi.

"Ƙyale ta. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa."

Hayaniyar ce ta jawo Farfesa da baƙinsa. Ya sunkuya, ya shafa bakin yankan, zare na zuba. Ya ɗago.

"Wa ya taɓa aiki ba da izinin mai shi ba?"

Dogo ya dubi yarinyar yana neman ceto.

"Ni bango na ce ina so, Baba," in ji ta. "Ban ce a yanka komai ba."

Ta juya ta bar shi tsaye.

"A zauren nan ko ƙusa ba a matsarwa sai mai aiki ya yarda," in ji Farfesa. "Ajiye gudumar ka fita."

Dogo ya durƙusa gaban Auta, baƙi na kallo.

"Masoyiyata, zan ɗinke miki... wallahi ba za a gane ba!"

"Ni zan gane."

Ta zare ƙyallen daga aljihunsa, ta zare zobensa daga yatsarta, ta aje a kan tayil. Farfesa ya ce a sauke zanen 'yarsa a ba Auta babban bangon. Auta ta ce a'a, aikinta gida zai koma. Ita da Yaya suka cire shi, suka naɗe, suka fita.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Aikin da Dogo ya yi yankan dominsa ya tafi. 'Yar Farfesa ko sallamarsa ba ta ƙara amsawa ba. Ɗalibai suka daina ba shi ko takarda ya riƙe musu. Gidan su Auta, inda a da ake shimfiɗa masa tabarma, aka rufe masa ƙofa. Ita kuwa Autar, har yau in sun haɗu a hanya sai ta tsallaka titi.

Ba tsuntsu, ba tarko.