Gonar da Ba a Jin Haushi

Da safe ne, hazo ya rufe garin Ballarat ruf. Marnie tana goge gilashin shagon babanta sai ta ga fuskar mutum a waje, ko ƙiftawa ba ya yi, yana kallon kejin da ke bayanta.

Ba komai a kejin. Tun da doka ta hana shaguna sayar da 'yan kwikwiyo da 'yan kyanwa in ba na gidan ceton dabbobi ba, ba abin da ya sake kwana a ciki. Amma Gordon, babanta, ya ƙi a kashe fitilun ɗumi. Jan haske kullum yana zuba a kan tsummokaran da ba kowa a kansu.

Ta buɗe ƙofa. "Malam, fatalwa ce ko mai saye?"

"Sunana Tavita. A gidan ceton dabbobi nake aiki. Aron keji na zo, namu sun cika."

"Ai da fatalwar ce, da Baba ya fi yi maka maraba."

Keji dai bai samu ba, amma ya tafi da lambar wayar Marnie.

Ba a jima ba saƙo ya fara kai da kawo.

"Kyanwata, yau wani kare ya cinye min takalmi ina kallo, hankalina yana wurinki."

"Sarkin karnuka, to ka zo hira da ƙafa ɗaya."

Ran da Gordon ya ji Tavita na neman 'yarsa, ya buga tebur. "Wanda ya bi gida-gida yana zuga mutane har aka kashe min sana'a? Ba a gidana ba! Ga Dale nan, yaron kirki."

Dale shi ne mai kawo masa 'yan kwikwiyo a da. A gidan mai suke haɗuwa, a miƙo kwali, kowa ya juya. Gordon bai taɓa taka gonar da su Dale ke kiwon karnukan ba.

Marnie ta yi kuka. Babanta shi kaɗai ya raine ta, kuma ta rantse ba za ta yi aure yana juya mata baya ba.

Wata Asabar saƙo ya shigo: "Kyanwata, su Dale sun gudu sun bar karnuka a gona. Motarmu ba za ta ɗauke su ba. Ki roƙa mana motar shago."

"Ba mai taɓa min mota," in ji Gordon. "Ni zan tuƙa, in je in ga ƙaryarsa."

Shi da Marnie suka kama hanya, suka bar kwalta, suka shiga cikin dogayen itatuwa. Ko tsuntsu bai yi kuka ba. Tavita yana tsaye a bakin wata doguwar rumfar kwano.

"Ka gani?" Gordon ya ce. "Gonar karnuka tun daga nesa ake jin ta. Ba komai a nan."

Tavita ya ja ƙofa.

Keji ne jere har ƙarshen rumfa, kowanne da karya a tsaye. Duk suna haushi. Baki yana buɗewa, ƙirji yana tashi, amma iska kawai ke fita, huf, huf. Marnie ta damƙe hannun babanta.

"An yanke musu jijiyar murya ne, Baba," Tavita ya faɗa a hankali. "Don kada maƙwabta su ji."

Gordon ya tsaya a gaban wata tsohuwar karya mai farin tabo a ido. Ya daɗe yana kallon tabon.

"Na san fuskar nan," ya ce. "'Ya'yanta na yi ta sayarwa. Ban taɓa tambayar ina uwarsu ba."

Ya tuɓe rigar sanyinsa, ya naɗe ta, ya kai ta mota da kansa.

Sai da suka gama kwashe su, sun hau kwalta, sannan ya yi gyaran murya.

"Kai, yaro. Ka iya gasa nama?"

"Haba Baba," in ji Marnie, "ɗan tsibirin Samoa ne fa, gasa nama gadonsu ne."

"To ka kawo mahaifiyarka gidana ran Lahadi. Ni ma ina da hannu, sai a gwada."

Da rani aka ɗaura aure. Dangin ango suka cika coci da waƙa har tagogi na rawa, Gordon ya miƙa hannun 'yarsa idonsa jawur.

"Ka riƙe min ita da kyau, surukina."

"Ita ce ta riƙe ni, Baba."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya cika gidansu da hayaniya.