Keken Gwanjo da Majanyin Inna

"Wai sai Inna ta tafi da shi?"

"Ni ban ce sai ta tafi da shi ba, Hamida. Na ce jibi za ta zo..."

"Ta zo ganin shi, ko ta zo ɗaukar shi?"

Zailani ya kama wani zare a bakin hannun rigarsa yana ja. Mijina tela ne. In magana ta fi ƙarfinsa, zare yake nema ya kama.

Wata uku ke nan da haihuwata, kuma da tiyata aka ciro yaron. Ga tsohon ciwon baya da nake fama da shi tun faɗuwar da na yi a kan mashin a hanyar garinmu Daudawa, ina budurwa. Likita ta ja mini kunne, ta ce kada in kuskura in yi goyo sai bayan ya warware. Hutun haihuwa kuma ya zo ƙarshe. Firamaren da nake koyarwa tana can ƙarshen garin Kankara, albashina ne ke riƙe da tukunya duk lokacin da ɗinki ya yi sanyi.

Inna, mahaifiyar Zailani, tana zaune a Mabai ta warware mana matsalar da baki ɗaya. Macen da ba ta goyo, ina za ta kai ɗa? A ba ta shi. Suwaibatu ƙanwar Zailani tana shayarwa, sai ta haɗa da shi. Ai ɗan fari ne, dama na kaka ne.

"Rabin raina, ki fahimce ni," in ji Zailani. "Uwata ce fa..."

"Ni kuma uwar wa ce?"

"To ki faɗa mata mana!"

"In faɗa mata? Da wane bakin?"

Ya san amsar. A wajenmu ba a nuna son ɗan fari a gaban manya. Sunan marigayi mahaifin Zailani yaron ya ci, Abubakar Sadiq, shi ya sa ake ce masa Abba. Ni ko Abban ba na faɗa in akwai babba a wurin, sai dai "yaron nan". Ita ma Inna haka take da Zailani, ɗanta na fari. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In yana kusa "kai" ne, in ya yi nisa "wancan".

Na jawo wayata na nuna masa hoton wata mata tana tura jariri a keke.

"In da wannan, ba sai na goya shi ba. In tura shi har makaranta, in aje shi gefen allo."

Ya duba kuɗin sabo, ya sake dubawa, ya ce, "Wannan ai ya fi keken ɗinkina tsada!"

"Akwai gwanjo."

Ya daɗe yana kallon Abba da ke barci. Sannan ya ce zai taɓa ɗan abin da yake tarawa don gyaran rufin shago, rufin ya jira wata damina. Ya riƙo hannuna.

"Ba wanda zai raba ki da shi, Hamidata. In sha Allah."

Na yarda da zuciyarsa. Bakinsa ne a gaban Inna ban yarda da shi ba.

Ranar da Inna za ta zo, da hantsi, sai ga shi ya shigo yana washe baki, da keke a kafaɗa. Ja ne wur, yana sheƙi, yana naɗewa kamar lema. A shagon Malam Rabo mai gwanjo na bakin tasha ya samo shi.

"Dubi ɗinkin nan! Zare bibbiyu! Taɓa yadin ki ji, wannan ko shekara goma ba zai koɗe ba!"

"Ka gwada shi?"

"Gudu yake kamar ruwa!"

"A ina ka gwada?"

"A cikin shagon mana..."

Shagon Malam Rabo siminti ne. Lungunmu kuwa yashi ne tun daga ƙofar gida har bakin titi. Tela na aika sayen keke, ya je ya sayo yadi.

Muka fita da shi duk da haka. Tayoyin ƙanana ne kamar marfin gwangwani, taku kaɗan suka nutse. Kujerar kuma a miƙe take, ba ta kwanciya, irin ta yaron da ya iya zama ce. Abba da wuyansa bai gama ƙwari ba ya langaɓe gefe guda ya fashe da kuka. Zailani na turawa, ni ina tallafe da kan yaro, maƙwabta sun leƙo suna cewa sannunku da aiki.

Daidai nan mashin ɗin da ya ɗauko Inna ya tsaya, da zabbi biyu a ɗaure a gaba.

"Innalillahi! Maigidan nawa kuke turawa kamar kurar ruwa?"

Ba ta jira gaisuwa ba. Ta zare shi daga keken, ta wurga shi baya, ta ja zani, ta ɗaure da wani majanyi na saƙi mai ratsin baƙi da fari. Kafin ta kai zaure ya yi shiru. Na ji haushin shirun nan har cikin raina.

Bayan an gaisa ta sha ruwa, sai ta juyo gare ni.

"Ke ɗiyata, ba ni son a ce na yi maki ƙarfa-ƙarfa. Mi kika ce? In tahi da shi?"

Zailani ya zuba mini ido. Ni ma na saci kallonsa, na ga ya samu zare a gefen tabarma.

"Naki ne, Inna," na ce.

"Madalla. Allah shi yi maki albarka. Gobe da sahe sai mu kama hanya."

An yabe ni da kunya, ni kuwa ban taɓa tsanar bakina irin ta ranar ba.

Da safe Zailani ya tafi tasha neman mota, idonsa ja, bai karya ba. Inna ta shiga maƙwabta sallama. Aka bar ni da Abba da ƙullin kayansa a bakin gado.

Na kalle shi, ya kalle ni. Na ce a raina, mata nawa ne ke goyo da ciwo? Ita likitar ai ba ɗanta za a ɗauka ba.

Na jawo zani. Na sunkuya, na kama shi ta hammata na juya shi baya yadda na saba yi wa ƙannena. Ɗuminsa ya sauka a bayana, karo na farko tun da na haife shi. Na ɗago zan ɗaure...

Wani abu ya soke ni a ƙugu, ƙafata ta dama ta mutu. Na zube a kan gwiwoyina. Hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a baya na danne shi. Na kasa tashi, na kasa sauke shi. Shi kuwa har da ɗan gwarancinsa, ya zaci wasa ne.

A haka Inna ta same mu.

"Subhanallahi! Ke! Ke wace irin yarinya ce?"

Ta ɗauke shi, ta kama ni ta jingina da gado.

"Da kin faɗo mashi fa? Ba an hana ki ba?"

"Na so in gwada ne, Inna..."

"Ki gwada mi?"

"Ko zan iya... don kada..."

"Don kada mi? Buɗe baki ki yi mani magana!"

"Don kada a tafi da ɗana!"

Kalmar ta fita. Ɗana, a gaban surukata, da ƙarfi. Na rufe fuska da mayafi ina jiran faɗa.

Faɗan bai zo ba. Na ji ta zauna a ƙasa kusa da ni. Da na leƙo, majanyin nan ne a cinyarta tana shafawa.

"Kin ga wanga majanyi? A kasuwar Sabuwa na saye shi, ina da cikin wancan. Ran da aka yaye shi, kakarshi ta zo daga Damari. Ta tambaye ni yadda na tambaye ki jiya."

"Me kika ce, Inna?"

"Mi kau zan ce? Na ce naki ne. Aka ce ɗiyar kirki."

Ta ninke majanyin, ta sake warwarewa.

"Bai dawo hannuna ba sai da murya ta buɗe mashi. Ya dawo yana gaishe ni kamar baƙuwa. Ƙannenshi duka na goya su, amma ba da wanga ba. Na aje shi a ƙasan adaka... Na zaci in na goya ɗanshi da shi zan huce."

Ba ta yi kuka ba. Inna ba ta kuka, sai dai ta fyace hanci ta ce hayaƙi ne. Ni na yi mana mu biyu.

Zailani ya yi sallama daga tsakar gida. "Inna, an samu mota..."

"Ka ce masu su tahi, na bi ta baya. Ɗauko wancan abin wasan naka, ka kai mu inda ka sawo shi."

Sai da ƙafata ta dawo, ta shafa mini man zafi, sannan muka fita. Abba na bayanta, zabbin na hannun Zailani, don ta ce a taho da su.

Malam Rabo ya tarbe mu da fara'ar mai kaya. Da ya ga jan keken ya dawo, fara'ar ta ragu.

"Hajiya, wannan ai shi ne sarkin shagon!"

"Sarki a kan siminti. Malam, ka taɓa ganin an sayi amalanke don fenti? Ƙafa ake dubawa. Fito mani da su waje."

Haka ya dinga fito da su ɗaya bayan ɗaya. Inna ta tura kowanne cikin yashi, ta danna shi da hannu biyu, ta girgiza ta ji ko yana ƙara. Wani ta ce zai kifar da ɗa a kwata. Wani ta ce nauyinsa sai ƙato, ba mai ciwon baya ba. Can a lungu ta hango wani ruwan toka, ya koɗe, rumfarsa a yage, amma tayoyinsa manya kamar na ƙaramin keken hawa.

"Wancan fa?"

"Hajiya, wannan ya daɗe a nan, ba mai kallon shi..."

"Ni ma na daɗe. Kawo."

Keken ya ratsa yashin ba gardama. Ta sa Malam Rabo ya nuna mata yadda bayansa ke kwanciya har ya shimfiɗe, da inda ake taka birki. Ta taka, ta tura da ƙarfi, bai motsa ba. Sannan ta ce in kama in ji ko sai na sunkuya. Mariƙin ya zo mini daidai ƙugu.

"Inna," in ji Zailani a hankali, "yadin fa ya mutu, ga yagewa..."

"Kai ba tela ba ne?"

Malam Rabo ya ce sai an yi ciko, don wannan ƙarfensa na gaske ne. Inna ta ce ɗazu ba mai kallon shi, yanzu ya zama na gaske? Suka ja, suka ja. Daga ƙarshe ta karɓi zabbin ta dire masa a gaban shago.

"Ga cikonka. Na mai jego ne, ka ci da haƙƙinta."

Ya yi dariya ya ce ya sallama.

A bakin tasha ta kwance goyon. Ta karkaɗe majanyin, ta ninka shi biyu ta shimfiɗa a cikin keken, ta kwantar da Abba a kai. Ta daɗe tana gyara gefe-gefen da ba su buƙatar gyara.

"Ga goyonki nan, ɗiyata. Mu a baya muka yi namu, ba mu ga fuskarsu ba. Ke ki yi ta kallon naki."

"Inna, majanyinki..."

"Ya gaji da adaka."

Ta shiga mota ta zauna ta taga, ta ja mayafi ta rufe bayanta. Direba ya tayar. Har motar ta fara motsi sai ta leƙo.

"Zailani!"

Mijina ya waiga bayansa, yana neman wanda ake kira.

"Da kai nike. Ka ɗinke rumfar nan yau, kada rana ta daki ɗanka."

Motar ta tafi. Ya tsaya a wurin har ta sha kwana.

Shi ya tura keken har gida, ta cikin yashin lungunmu, a gaban maƙwabtan jiya. Sai da muka kai ƙofar gida ya taka birki, ya juyo, hawaye na bin gemunsa.

"Hamida... ke ma kin ji, ko kunnena ne?"

"Na ji, rabin raina," na ce. "Sunanka ta kira."