Sunan Da Aka Bari A Bangon Kaset

Ranar Asabar ce a Chopo, kasuwar masu kaɗe-kaɗe, rana ta take. Nayeli ta durƙusa gaban shimfiɗar wani saurayi mai koren gashi a tsaye kamar zankon zakara, tana neman kaset ɗin kiɗan ska na yaran unguwa, irin waɗanda rediyo ba ta ma san da zamansu ba. Sai hannunta ya faɗa kan wani tsohon kaset na kiɗan fank, na ƙungiyar Karnukan Juji.

"Nawa?"

"Wannan sai musaya. Me kika kawo?"

Ta ɗaga ƙunshin alalar masara. "Tamal ɗaya, na ma gutsura."

"An gama ciniki," in ji saurayin, Erasmo, "in za ki ɗora lambar waya a kai."

Ta harare shi, amma ta rubuta.

Tana isa gida a unguwar Neza ta kunna. Ganga ta ɓarke, jita ta yi kururuwa, sai wata mace ta tsage da waƙa tana yi wa masu gidajen haya tatas. Nayeli ta daskare. Ai muryar nan ce ke tashinta kowace safiya! Mahaifiyarta, Doña Chayo mai abinci, ta faɗo ɗakin da ludayi a hannu, ta fizge wayar rediyon.

"Wane ɗan iska ne ya ba ki wannan?"

"Mama, ke ce?"

"Duba bangon. Kin ga sunana?"

Sunaye huɗu ne, duk na maza. Ita ta rubuta waƙoƙin, ita ta rera su har muryarta ta dushe, amma da aka zo buga kaset sai ƙartin nan suka ce sunan mace zai rage musu kwarjini. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shekara talatin da biyar matar nan tana haɗiye wannan baƙin ciki tana juya wake.

"Duk halinsu ɗaya," ta ce. "A baki 'yanci, 'yanci, a aikace ki riƙe musu jaka. Kada in ga mai koren kai a ƙofata."

To, zuciya ba ta jin gargaɗi. Kowace Asabar Nayeli tana Chopo, Erasmo yana sa mata kiɗan metal na unguwar Ecatepec da ska na Iztapalapa a abin saurare na kunne, ɗaya nata, ɗaya nasa. Har labarin uwarta ta ba shi.

A gida kuwa Doña Chayo ta tsaya kai da fata sai 'yarta ta auri Ovidio mai kantin magani, wanda ke zuwa yana ƙamshin turare yana kiran kiɗan "hayaniyar zauna-gari-banza". Abin takaici, uwar na gyaɗa masa kai.

Kwatsam Erasmo ya ɓace Asabar uku. Wata ƙawa ta ce ta gan shi yana fitowa daga gidan wata mace. Nayeli ta rubuta masa:

"Ashe Mama ta yi gaskiya. Zo ka karɓi kaset ɗinka, tamal ɗina na bar maka sadaka."

Ya amsa: "Zumata, riƙe fushin nan zuwa Lahadi. Ki sa Mama ta zauna a gida."

Lahadi da hantsi ya iso da kwali a kafaɗa. Ovidio na zaune yana shan kofi.

"Doña, ba maganar aure ta kawo ni ba tukuna. Kayanki na kawo."

Kaset ɗari ne, sababbi fil. A bangon ga hoton wata yarinya mai askakken kai, ta cafke makirfo kamar za ta cije shi. Matar da aka gan shi a gidanta tsohuwar mai ɗaukar hoton ƙungiyar ce. Ya kuma bi mazan nan uku da suka rage da rai, ya tsare su sai da suka sa hannu sun yarda a gyara bangon. A ƙasan hoton an rubuta sunan yanka na Doña Chayo: "Murya da waƙoƙi: Rosario Tapia."

Ovidio ya leƙa, ya yatsine fuska. "Wace ce wannan mahaukaciyar?"

"Ajiye min kofina," in ji Doña Chayo. "Ga ƙofa."

Ta daɗe tana shafa sunan da yatsa. Sannan ta ɗago, ido jawur.

"Yaro, ka yi kuskure."

Nayeli ta leƙa bangon da sauri.

"Waƙa ta huɗu har gangar ni na kaɗa, mai gangar ya bugu. Ka gyara kafin biki."

Ya kuwa gyara, guda ɗari, da biro.

Ranar bikin aka tare titi da tanti, maƙwabta suka cika. Doña Chayo ta dafa kawunansu ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, kome 'yata ta yi, ka faɗi sunanta."

Daga nan ta kwance rigar girkinta, ta miƙa wa ango, ta ce a ba ta makirfo.